Ladan Aikin Wuta: Leburorin Albarushi a Bakin Kogin Brandywine

A jihar Delaware ta ƙasar Amurka, arewa da birnin Wilmington kaɗan, akwai wani kogi mai gudu a cikin duwatsu da ake kira Brandywine. Wanda ya bi gaɓarsa a yau zai tarar da wasu ɗakunan dutse a jere, masu irin ginin da ba a saba gani ba. Kowane ɗaki bangonsa uku ne, masu kaurin gaske. Ɓangare na huɗu, wanda ke kallon ruwa, a da katako ne marar nauyi, rufin ma haka, an kuma karkatar da shi wajen kogin. Maginan sun san abin da suke yi. Tun ranar da aka aza tubali an san wata rana ɗakin zai fashe, don haka aka shirya wa wutar hanyar fita ta wajen ruwa, domin ta bar sauran ɗakuna da gidajen jama'a. Duk wanda ke ciki a lokacin, ta nan shi ma zai fita. Shi ya sa idan ɗayansu ya mutu a fashewa, ma'aikatan wurin sukan ce ya haye kogi.

Nan ce masana'antar albarushi ta gidan du Pont, wadda aka kafa a 1802, ta yi aiki har 1921. Daga wannan kwari ne kamfanin DuPont ya taso, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sinadarai na duniya, shi ne ma ya ƙirƙiro zaren nailan. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan masu gidan da dukiyarsu. Labarin da ya fi damuna shi ne na mutanen da ke shiga ɗakunan nan da asuba, da abin da ake ba su a ƙarshen wata.

Wanda ya kafa wurin, Éleuthère Irénée du Pont, a Paris aka haife shi a 1771. Yana saurayi ya koyi aikin albarushi a masana'antar gwamnati da ke Essonnes, ƙarƙashin hukumar da Antoine Lavoisier ke jagoranta, mashahurin masanin sinadaran nan da aka fille wa kai a 1794 lokacin juyin juya halin Faransa. A wannan shekarar ce kuma masana'antar albarushi ta Grenelle, a gefen Paris, ta tashi gaba ɗaya, ɗaruruwan ma'aikata suka hallaka a safiya guda, saboda an cunkusa mutane da albarushi wuri ɗaya ana gaggawar aikin yaƙi. Du Pont ya fito ne daga ƙasar da ta ga wannan. Shi da mahaifinsa da sauran iyali sun sauka Amurka ranar 1 ga Janairun 1800. Da ya ga albarushin da ake yi a ƙasar ga tsada ga rashin kyau, sai ya koma Faransa a 1801 ya samo injuna da masu zuba jari, aka haɗa dala 36,000. Ya sayi fili eka 95 a hannun wani mai suna Jacob Broom a kan dala 6,740, aka fara gini a Yulin 1802, albarushin farko ya shiga kasuwa a 1804. Yaƙin da Amurka ta yi da Ingila daga 1812 ya kawo ciniki mai yawa, har a 1813 ya sayi filin Hagley da ke ƙasa da na farko ya faɗaɗa aikin.

Albarushin nan shi ne dai wanda maharbanmu ke ɗura wa bindigar toka, wanda 'yan bindiga ke tayar da hayaƙinsa a hawan Sallah. Haɗinsa abu uku ne: gishirin albarushi kimanin kashi 75 cikin ɗari, gawayi kashi 15, farar wuta kashi 10. Gishirin daga Indiya jiragen ruwa ke kawo shi, farar wutar daga tsibirin Sisili, gawayin kuwa a nan ake ƙona shi daga rassan wilo, wata bishiyar bakin rafi da kamfanin ya dasa da yawa. Kowane ɗaya daga cikin ukun, shi kaɗai, ba abin tsoro ba ne sosai. Daga lokacin da aka haɗa su ne rai ke shiga hatsari, kuma aikin ɗan albarushi daga nan yake farawa.

Da fari da turame ake haɗin. Jerin turame ne da manyan taɓare, ƙarfin ruwa ke ɗaga su yana saki, suna kirɓa garin da aka yayyafa wa ruwa na tsawon sa'o'i. Wajen shekarun 1820 aka fara komawa ga wata dabara: tagwayen ƙafafun ƙarfe, kowace mai nauyin tan da yawa, suna zagaye a cikin wani babban faranti suna murje garin. Ma'aikaci zai zuba kaya, ya baje da cebur na katako, ya jiƙa daidai gwargwado, ya buɗe wa ruwa ƙofa, ya fita ya sami mafaka. Amma dole ya dawo ya duba. Idan garin ya bushe da yawa, ko ƙafar ƙarfen ta goge farantin, ko wata 'yar tsakuwa ta shiga, shi ke nan. Lokacin tayar da injin da lokacin tsayar da shi su ne mafi muni, kuma a lokutan ne mutum ke kusa.

Daga nan a kai garin ɗakin matsa, a danne shi ya zama faifai mai tauri kamar dutse. Sai ɗakin farfasawa, inda ake karya faifan a mayar da su tsaki, a tankaɗe, a ware manya na igwa da na fasa dutse, ƙanana na bindigar farauta. Wannan ɗakin ƙura ce ke tashi a cikinsa ko'ina, ta hau katako, ta shiga tsagar bango, ta kwanta a gashi da tufafi, kuma ƙurar kanta albarushi ce. Sai a zuba tsakin cikin ganguna masu juyawa ya goge ya yi santsi, a busar da shi, a auna a ƙananan gangunan katako masu cin kimanin kilo 11. Tsakanin ɗaki da ɗaki mutane da dawakai ne ke jigilar kayan. Mutum zai tashi aiki fuskarsa da hannuwansa baƙi ƙirin, warin farar wuta na binsa har gida.

Ƙararrawa ke kiran aiki, kwana shida a mako, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, wanda a lokacin zafi, da yini ke da tsawo, yakan kai sa'a goma sha biyu. In oda ta yi yawa a haɗa da dare. Ranar 1 ga Janairun 1811 du Pont ya kafa rubutattun dokokin aiki, waɗanda ake lissafa su cikin na farko-farko a tarihin masana'antun Amurka. Baƙo ba ya shiga fili. Ba wasa, ba kokawa. Takalmin ɗan albarushi da turakun katako ake haɗa shi a maimakon ƙusa, don kada ƙarfe ya haɗu da dutse ya ba da tartsatsi. Kayan aiki na katako ne ko na tagulla. Da ashana ta shigo duniya, sai aka riƙa laluben aljihu a bakin ƙofa, wanda aka kama da ita ya rasa aikinsa. Dokokin sun ceci rayuka, babu shakka. Sai dai ba su iya canza halin abin da ake sarrafawa ba.

To su wane ne suka yarda da wannan aiki? Du Pont ya so ya kawo ƙwararru daga Faransa, 'yan kaɗan ya samu. Waɗanda suka cika filin 'yan ƙasar Ayilan ne, akasari mabiya ɗarikar Katolika daga yankunan arewa irin su Donegal da Tyrone da Fermanagh, 'ya'yan manoma masu hayar gona a hannun masu ƙasa. Ba su taɓa ganin injin albarushi ba kafin su zo. Abin da ya koro su ya fi abin da suka tarar tsanani a idonsu. Leburan gona a Ayilan a shekarun 1830 yakan samu tsakanin sisi da kwabo goma a yini, bai kai sule ɗaya ba, wannan ma sai ranar da aka ɗauke shi, ga shi rabin shekara ba aiki. A Amurka kuwa leburan gari yakan samu santi 75 zuwa dala ɗaya a yini, kuma dala ɗaya ta haura sule huɗu. Daga 1845 kuma yunwar dankali ta faɗa wa Ayilan, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu fiye da haka. Mutumin da ya baro wannan, idan aka ce masa akwai aiki shekara cur, da gida, da lambu, ba ya tsayawa dogon tambaya a kan ɗaki mai bango uku. Can wajen ƙarshen ƙarnin, 'yan Italiya suka shigo suka bi sahu.

Sabon zuwa ba ya shiga filin albarushi kai tsaye. Aikin waje ake fara ba shi: haƙar magudanar ruwa, fasa dutse, ɗaukar itace, aikin gonar kamfani. Shugabannin aiki na lura da shi, su ga ko mai natsuwa ne, ko mashayi ne, ko mai gaggawa. Sai an gamsu a shigar da shi ciki, albashinsa ya ƙaru. A sama da shi akwai shugaban fili, a gefe kuma akwai masu sana'a: maƙera, kafintoci, magina, masu haɗa ganguna, masu tuƙa kekunan dawaki. Da wata ake lissafa wa mafi yawansu, kuma babban abin da ya riƙe mutane shi ne aikin ba ya yankewa. Idan kogi ya daskare da sanyi, ko ruwa ya ja baya da rani har injuna suka tsaya, akan samar musu wani aikin a maimakon a sallame su. Tun 1811 aka fara biyan ƙarin kuɗi na aikin dare da na wuce lokaci.

Tazarar da ke tsakanin albashin leburan waje da na ɗan albarushi 'yan daloli ce a wata. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin 'yan dalolin nan su ne kuɗin da aka yi wa hatsarin. Su ne bambancin mutumin da ke fasa dutse a sarari da mutumin da ke tsaye gaban ƙafar ƙarfe tana murza abin da zai iya watsa shi a kan bishiyoyin ƙetaren ruwa. Kuma mutane na neman wannan ƙarin, suna ɗaukarsa ci gaba da ɗaukaka. Ɗan albarushi mutum ne mai daraja a unguwa.

Yadda kuɗin ke tafiya shi ma abin dubawa ne, domin ba kasafai yake shiga hannu ba. A ofishin kamfani akwai manyan littattafan lissafi, kowane ma'aikaci da shafinsa, kuma suna nan a ajiye har yau a ɗakin karatu na gidan tarihin Hagley da ke wurin. A gefe ɗaya magatakarda zai rubuta albashin wata. A ɗaya gefen ya rubuta abin da aka cire: kuɗin abinci da makwanci idan gwauro ne yana zaune gidan wani, hayar gida inda ake biya, itace ko garin alkama da aka ɗauka, takardar da aka rubuta wa mai shago ko mai ɗinkin takalmi, tsabar kuɗin da ya karɓa don wata buƙata. Abin da ya rage yana nan a hannun kamfani. Daga 1813 kamfanin ya fara biyan ribar kashi 6 cikin ɗari a shekara ga wanda ajiyarsa ta kai dala 100. Ta wannan hanya mutane da dama suka tara abin da suka sayi gona ko gida a Wilmington, ko suka buɗe shago, suka bar aikin wuta da ƙafafunsu. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a rage masa daraja ba. Gaskiya ne kuma cewa du Pont ya yi kusan dukan rayuwarsa cikin bashi, yana fama da masu jari da bankuna, kuma kuɗin leburorin da ke kwance a littafinsa jari ne da yake juyawa. Lebura ya ba da ƙarfinsa, ya kuma ranta wa maigida ladansa.

A cikin waɗannan shafuka akwai layin da ya fi kowane taɓa zuciya, wato kuɗin jirgi. Ma'aikaci zai je ofis ya ce yana son a kawo masa ƙanensa, ko matarsa, ko mahaifiyarsa. Kamfani zai rubuta wa dillalan jiragen ruwa a Filadelfiya, a biya kuɗin tafiya daga tashar Londonderry, a rubuta bashin a shafinsa, a riƙa cira. Ta haka mutum fiye da dubu suka ƙetaro teku a rabin farko na ƙarni na 19. Ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwa, ƙauye ya jawo ƙauye. Kamfani ya sami ma'aikatan da wani ya tsaya musu, waɗanda ba za su gudu ba domin danginsu duka na nan. Amma abin da ya biyo baya shi ne, idan ɗaki ɗaya ya tashi, gida ɗaya kan rasa uba da ɗa, ko wa da ƙane, a lokaci guda.

Albashin miji ba shi kaɗai ke riƙe gida ba. Matan unguwannin ma'aikata, irin su Squirrel Run da Henry Clay da Free Park, suna saukar da gwauraye suna dafa musu suna yi musu wanki, kuɗin ya shiga shafin gidan. Idan bazara ta shigo, ruwa ya hau jikin itace, mata da yara su zauna ɓare bawon rassan wilo ana biyansu gwargwadon abin da suka ɓare. Wasu na ɗinkin buhuna, wasu na manna takarda a jikin gwangwanin albarushi. Kusan kowane gida da lambun dankali da kabeji, da kaji, da alade ko saniya. Yaran da ke aiki a masaƙun da ke kusa, ranar Lahadi kaɗai suke da ita, don haka aka kafa musu makarantar Lahadi, wadda ta sami rajista a 1817, inda ake koyar da karatu da rubutu da lissafi. Victorine, babbar 'yar du Pont, wadda mijinta ya rasu 'yan makonni bayan aurensu, ita ta riƙe makarantar har rasuwarta a 1861. A 1841 ma'aikatan suka gina cocinsu na Saint Joseph da hannunsu, gidan du Pont, waɗanda ba Katolika ba ne, suka taimaka da kuɗi.

Duk wannan rayuwa, da lambunta da makarantarta, tana gudana ne da kunne ɗaya a wajen kogi. A Yunin 1815 fashewa ta kashe mutum 9. Ranar 19 ga Maris 1818 aka yi babba: wuta ta tashi daga ɗaki zuwa ɗaki har ta kai rumbun ajiya, sama da mutum 30 suka mutu, filin farko ya zama kufai. An ɗora laifin a kan wani shugaban aiki da aka ce ya sha giya, daga nan aka tsananta hana giya. A Afrilun 1847 mutum 18 suka tafi. A Mayun 1854 kekunan dawaki uku cike da ganguna suka fashe a tsakiyar Wilmington, matuƙan uku da wasu mutum biyu suka mutu, birnin ya hana wucewa da albarushi ta cikinsa. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, da kamfanin ke samar wa sojojin Arewa babban kaso na albarushinsu, injuna ba sa hutawa dare da rana, aka ɗauki sababbin hannu, fashewa ta yawaita. Idan ƙarar ta tashi, tagogi su zube, mata su fito da gudu zuwa ƙofar fili, a tsayar da su a nan har a kira sunaye. Sau da yawa ba gawa ake samu ba. Abokan aiki ne ke bin gaɓa da kwanduna suna tsintar abin da ya rage, a haɗa a binne. Lissafin da gidan tarihin Hagley ke bayarwa shi ne fashewa 288 da rayuka 228 a tsawon rayuwar masana'antar.

Adalci ya sa a faɗi cewa masu gidan ba su ɓuya ba. Du Pont ya gina gidansa a kan tudun da ke kallon filin, inda duk abin da ya tashi zai taɓa shi. Fashewar 1818 ta ji wa matarsa Sophie raunin da ba ta warke sarai ba. Mahaifinsa, tsoho mai shekara 77, ya rasu a 1817 bayan ya kwana yana taya kashe gobarar da ta kama ɗakin gawayi. Al'adar gidan ce 'ya'yansu maza su yi aiki a cikin fili, kuma sabon inji sai ɗan gida ya fara tayar da shi. A Agustan 1857 Alexis, autan du Pont, yana tare da ma'aikata wuta ta kama. Ya faɗa magudanar ruwa ya kashe ta jikinsa, ya hau rufin ɗakin matsa don ya hana ta kamawa, ɗakin ya tashi da shi, washegari ya cika. Jikan mai gidan, Lammot, shi ma fashewa ce ta kashe shi a 1884 a masana'antar nakiya ta Repauno. Wannan ya sa ma'aikata suka riƙe gidan da wata irin amana da ba a samu a wasu masana'antu ba. Mutum yakan jure umarnin wanda ya ga yana shaƙar ƙurar da yake shaƙa.

Bayan fashewar 1815 ne du Pont ya yanke cewa duk matar da mijinta ya mutu a aiki za a riƙa ba ta dala 100 a shekara, ta zauna gidan kamfani ba haya, muddin ba ta sake aure ba. Bayan musibar 1818, lokacin da shi kansa ke bakin karyewa, bai janye ba. Dala 100 a shekara dala takwas ce da 'yan canji a wata, ba ta kai albashin mamacin ba, shi ya sa gwauruwar ke ƙara da saukar baƙi da wanki, tana jiran ɗanta ya tasa. Idan ya tasa, kamfani ya ɗauke shi. Ya fara da aikin waje, a lura da shi, wata rana a shigar da shi filin da ya ci ubansa.

Don a gane nauyin dala ɗarin nan, sai an san abin da doka ta ce a zamanin: ba ta ce a ba gwauruwar ko santi ɗaya ba. A 1842 babban alƙalin jihar Massachusetts, Lemuel Shaw, ya yanke hukunci a ƙarar wani direban jirgin ƙasa, Nicholas Farwell, wanda hannunsa ya murƙushe saboda sakacin mai juya layin dogo. Alƙalin ya ce kamfani ba shi da laifi. Hujjarsa ita ce, wanda ya karɓi aiki ya karɓe shi da hatsarinsa, har da sakacin abokan aikinsa, kuma an riga an biya shi kuɗin hatsarin a cikin albashinsa, tunda ya fi na wasu. Kotunan jihohi suka bi wannan hukunci shekaru da dama. A ma'aunin doka ke nan, 'yan dalolin da ɗan albarushi ya ɗara leburan waje da su, su ne diyyarsa, an biya shi tun yana da rai. Ban ga yadda za a kira wannan adalci ba. Mutumin da yunwa ta koro daga Donegal, bashin jirgi na wuyansa, ba ciniki ya yi da ransa ba; abin da ya samu ya karɓa.

Saboda haka abin da du Pont ya yi wa gwauraye alheri ne na gaske, ya kuma wuce zamaninsa. Amma alheri ne, a hannun mai yinsa yake. Ba a rubuta shi a wata yarjejeniya da ma'aikaci zai kai kotu ba. Gidan na kamfani ne, ajiyar na littafin kamfani, fanshon gwauruwa na bakin maigida. Babu ƙungiyar ƙwadago a filin, kuma wanda ya ɗaga murya yana iya rasa aiki da gida rana ɗaya. Tsarin ya tsaya ne a kan halin mutum guda, da na 'ya'yansa bayansa. Irénée ya rasu a 1834. Ɗansa Henry, wanda ya riƙe kamfanin daga 1850 zuwa 1889, mutum ne mai tsauri da riƙon kuɗi, har a siyasa yana son ma'aikata su bi inda ya bi, amma ya san su da sunayensu, kuma ba ya korar tsohon ma'aikaci don ƙarfinsa ya ragu.

Da Henry ya kau, sai aka ga inda tsarin ya rataya. Sababbin shugabanni, waɗanda ke kallon kamfanin da idon lissafi, suka sallami wasu tsofaffin ma'aikata da masu sana'a da suka yi shekaru a wurin, aka ce su tashi daga gidajen kamfani. Mutanen da aka haifa a unguwannin nan, waɗanda iyayensu ke kwance a maƙabartar Saint Joseph, suka wayi gari ba su da wata takarda da za su nuna. Daga ƙarshen 1889 aka fara cinna wa rumbuna da bargogin gidan du Pont wuta da dare. Kamfanin ya ɗauko 'yan leƙen asirin Pinkerton suka saje da jama'a, aka kama wasu aka ɗaure. Ana cikin haka, ranar 7 ga Oktoban 1890, filin farko ya sake tashi, sama da mutum 10 suka mutu, gidajen ma'aikata da dama suka rushe. Tsohon gidan da Irénée ya gina a kan tudu ya lalace, iyalin suka bar shi. Daga wannan shekara har aka rufe masana'antar babu sauran mai gida da ke kwana a ɗakin da wanda ya kafa wurin ya zaɓa don hatsarin ya zama na kowa.

A 1902 tattaɓa-kunnen Irénée su uku suka karɓi kamfanin suka mayar da shi na zamani, da babban ofis a Wilmington da masana'antu a jihohi da yawa. A 1904 aka fito da rubutaccen tsarin fansho. Nakiya da sabon albarushi marar hayaƙi sun riga sun fara ture tsohon baƙin albarushi daga kasuwa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake cika filin Hagley da sababbin ma'aikata da gaggawa, kuma ranar 30 ga Nuwamban 1915 ɗakin ɗura kaya ya fashe, kimanin mutum 30 suka mutu, yawancinsu samari.

Sai a 1917 jihar Delaware ta yi dokar da ta tanadi biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni, ko ga iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Shekara 102 ke nan bayan gwaurayen farko na 1815. Shekara huɗu bayan dokar, a 1921, aka rufe ƙofofin ruwa, injunan Brandywine suka tsaya. Mafi yawan mutum 228 ɗin nan sun mutu ne a zamanin da doka ba ta bin kowa bashin jininsu.